Daular Mauriya: Tasowarta, Zamanin Ashoka da Rushewarta

Daular Mauriya ita ce ta farko da ta haɗa mafi yawan ƙasar Indiya a ƙarƙashin sarki guda, daga wajen shekara ta 321 zuwa ta 185 kafin Miladiyya, da fadarta a Pataliputra, wato birnin Patna na yau. Masana sun yi saɓani kan shekarar kafuwarta tsakanin 324 da 321, domin littattafan mabiya Buddha da na mabiya Jain da kundayen Purana na Hindu ba su daidaita kan adadin shekarun sarakunanta ba, kuma duk an rubuta su ne ɗaruruwan shekaru bayan abin da suke ba da labari.

Chandragupta Mauriya ne ya kafa ta bayan ya kifar da gidan sarautar Nanda a ƙasar Magada, jim kaɗan bayan Iskandar na Makidoniya ya janye daga Panjab. Wajen shekara ta 303 ya yi sulhu da Selukas, magajin Iskandar a gabas, wanda ya sallama masa yankunan da ke yamma da kogin Indus, Chandragupta kuma ya ba shi giwayen yaƙi 500. Littafin Artashastra kuwa, mai bayani kan dabarun mulki da haraji, wanda ake jingina wa wazirinsa Kautiliya, bai kamata a ɗauke shi a matsayin hoton mulkin Mauriya ba, domin bincike ya nuna cewa sigarsa da ke hannu ta fito ne daga ƙarnonin baya.

Tarihin daular bai tsaya da ƙafafunsa ba sai a zamanin Ashoka, jikan Chandragupta, wanda ya yi sarauta daga wajen 268 zuwa 232, saboda shi ne ya sa aka sassaƙa umarce-umarcensa a kan duwatsu da ginshiƙai. Yawancinsu da harshen Prakrit, wato harshen talakawa na lokacin, aka rubuta su, a rubutun Brahmi, amma a Kandahar ta Afganistan an same su da Girkanci da Aramiyanci. An manta yadda ake karanta rubutun Brahmi har sai da masani James Prinsep ya warware shi a 1837 Miladiyya, sa'an nan dutsen da aka gano a Maski a 1915 ya tabbatar da cewa sarkin da ke kiran kansa Piyadasi shi ne Ashoka. Umarni na 13 ya fi kowanne daraja ga masu tarihi, domin ya ambaci sarakunan Girkawa biyar na zamaninsa, ciki har da Antiyokas na Siriya da Batalimus na Masar, kuma da sunayensu ne ake daidaita lissafin shekarun daular. A cikinsa ne kuma sarkin ya bayyana nadamarsa kan yaƙin Kalinga, a jihar Odisha ta yau, inda ya ce an kashe mutum 100,000, an kwashe 150,000 daga ƙasarsu.

Bayan yaƙin ya duƙufa ga yaɗa damma, wato tsarin ɗabi'a na biyayya ga iyaye, kyautata wa bayi da barori, rage yanka dabbobi da girmama addinan wasu. Ya naɗa jami'ai na musamman don kula da wannan aiki, ya sa aka haƙa rijiyoyi aka dasa itatuwa a gefen hanyoyi, ya kuma rage wa garin Lumbini, mahaifar Buddha, haraji. Duk da haka bai mayar wa Kalinga 'yancinta ba, bai kuma soke hukuncin kisa ba. Labarin da littattafan Sri Lanka suka kawo cewa ya kashe 'yan'uwansa 99 ya fi kama da almara, tun da duwatsun kansu sun ambaci gidajen 'yan'uwansa.

Bayan rasuwarsa bayanai sun yi ƙaranci ƙwarai, jerin sunayen magadansa ma ya sha bamban daga littafi zuwa littafi. Wasu sun ɗora laifin rushewar a kan fushin malaman Brahman, wasu a kan karayar baitulmali, amma bayanin masaniyar tarihi Romila Thapar ya fi ƙarfi, cewa daula mai faɗi haka da ta dogara ga ƙarfin sarki shi kaɗai ba za ta jure raunin magada ba. Wajen shekara ta 185 sarkin yaƙi Pushiyamitra Shunga ya kashe Birihadrata, sarkin Mauriya na ƙarshe, ya kafa gidan sarautarsa a Magada.