Gudummawar yaƙi da sankara: yadda ake shirya ta a gari irin Cadakori

Gudummawar yaƙi da sankara kuɗi ne ko hatsi da mutanen gari ke haɗawa domin tallafa wa masu fama da cutar daji, da kuma kai mata awo tun cutar ba ta yi nisa ba. A Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, babban nauyin da ke kan iyalin majinyaci shi ne tafiya da zaman jinya nesa da gida.

Abin da kuɗin ke biya

Tun shekarar 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana maganin sankarar mama da ta mahaifa a matsayin kyauta. Sai dai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, wato CNLC, tana Yamai, sama da kilomita 600 daga Maraɗi. A can aka buɗe sashen gasa cutar da haske na farko a ƙasar cikin 2021, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Wannan magani yakan ɗauki makonni a jere. Kuɗin mota, masauki da abincin majinyaci da mai jinyarsa duk daga aljihun dangi suke fitowa, kuma rashinsu kan sa a katse magani a koma gida. Wannan giɓin ne gudummawar gari ta fi dacewa ta cike.

Masu riƙe amana

Ana farawa da sanar da hukumar magajin gari da sarakunan gargajiya, a kuma nemi goyon bayan limamai da shugaban likitar CSI. Daga nan a zaɓi kwamiti a bainar jama'a: shugaba, magatakarda da ma'aji, maza da mata. Idan ana son aikin ya ɗore, sai a yi masa rajistar ƙungiya.

Jihar Maraɗi ba baƙuwa ba ce ga wannan tsari. A nan ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a 1991, inda ake ajiye kuɗi cikin akwati mai kwaɗo, makullan a hannun mata daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Wannan ƙa'ida ita ce ke kare gudummawa daga zargi.

Lokaci da hanyar tarawa

Kaka ce ta fi dacewa. Watan Oktoba, wanda duniya ta keɓe don faɗakarwa kan sankarar mama, yana zuwa daidai da girbin hatsi. Wanda ba shi da kuɗi yana iya ba da tiya ɗaya ta hatsi, wake ko gujiya, a sayar ranar kasuwa. Ana kuma tarawa bayan sallar Juma'a da wajen taron mata. Ƴan gari da ke ci-rani suna aikowa ta Nita ko Al Izza. Ranar 4 ga Fabrairu, ranar yaƙi da sankara ta duniya, ta dace da karanta lissafi.

Rabo da sirri

Duk abin da ya shigo a rubuta shi, ko dala ɗaya ce. Ba a fitar da kuɗi sai da takardar likita da ta tura majinyaci Maraɗi ko Yamai. Ba a ambaton sunansa a taro ko a rediyo sai da yardarsa. Yana da kyau a ware wani kaso don kai mata awon mama da bakin mahaifa, domin sankarar da aka gano da wuri ta fi saurin jin magani, jinyarta kuma ta fi sauƙi.