BABI NA UKU: TARIHIN AUNA ƊOREWAR ƘASAR NOMA A KUNCI DA KARKARAR KANO

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin yadda hukumomi da masana suka riƙa auna lafiyar ƙasar noma a karkarar Kano, tun daga zuwan Turawa a 1903 har zuwa shigowar shirye-shiryen sauyin yanayi. An ɗauki Ƙaramar Hukumar Kunci a matsayin madubi. Kunci tana arewacin Jihar Kano, faɗinta murabba'in kilomita 671, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 111,018, wato kimanin mutum 165 a kowane murabba'in kilomita. Mafi yawan jama'arta manoma ne masu shuka gero da dawa da wake da gyaɗa, tare da kiwon awaki da tumaki a gida. Manufar babin ita ce a nuna cewa kowane zamani ya zo da nasa ma'aunin, kuma abin da aka auna shi ne yake jawo irin maganin da hukuma take kawo wa manomi.

3.1 Ma'aunin Manomi da Awon Taki

Kafin zuwan Turawa, manomin ƙasar Kano yana da nasa lissafi. Yana ƙirga amfanin gona da dami, yana auna tsaba da mudu da tiya, yana lissafa takin da ya kai gona da mangalar jaki. Babban ma'auninsa kuwa shi ne rumbu: ko hatsin bana zai kai gida ga sabon gero, ko zai ƙare tun bazara. Zakkar hatsi ma a kan abin da gona ta bayar ake fitar da ita, don haka shekarar da ƙasa ta gaza, lissafin yana nunawa.

Bayan cin Kano a 1903, Turawa sun buƙaci hanyar tsayar da haraji. A gundumomin da ke kewaye da birni sai aka shigo da awon taki, inda malaman taki suke taka tsawon gona da faɗinta da ƙafa, su rubuta, a yanka wa mai gona kuɗi gwargwadon girmanta. Wannan awo faɗin gona kawai ya sani. Gonar da aka shekara goma ana zuba mata taki da wadda ta gaji, muddin girmansu ɗaya ne, a takarda daidai suke. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, sai aka sami ma'auni na biyu, wato yawan tan ɗin gyaɗar da aka saya a shekara. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta auku ne a daidai lokacin da wannan ciniki yake bunƙasa, abin da ke nuna cewa littafin haraji da na gyaɗa ba su iya faɗin halin da rumbun talaka yake ciki ba.

3.2 Tsoron Kwararowar Hamada

A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya wallafa ra'ayinsa cewa Sahara tana matsowa kudu, kuma arewacin Nijeriya yana cikin haɗari saboda sare itatuwa da kiwo da noma. Gwamnatocin Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa, wanda ya zagaya iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada tana tafiya kudu ba, ko da yake ya ga wuraren da ƙasa ta lalace. Duk da haka ra'ayin Stebbing bai mutu ba.

Farin 1972 zuwa 1974 ya sake farfaɗo da shi. A 1975 cutar gyaɗa ta ƙarasa dalar gyaɗar Kano, a 1977 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taro kan kwararowar hamada a Nairobi. Martanin gwamnati ya ɗauki fuska biyu. Ta farko ita ce madatsun ruwa, waɗanda aka fara tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Tiga da aka kammala a 1974. Madatsar ruwa ta Gari da ke ƙasar Kunci tana cikin wannan jeri. Ta biyu ita ce dashen itatuwa layi-layi don tare iska, musamman a yankin Ɗambatta. A farkon shekarun 1980 kuma aka kafa hukumar KNARDA da tallafin Bankin Duniya, domin kai takin zamani da ingantaccen iri ga manoma.

A duk waɗannan ayyuka, nasara ana ƙirga ta ne da abin da hukuma ta kashe ko ta raba: kilomita nawa na itatuwa aka dasa, buhu nawa na taki aka sauke, eka nawa aka tsara za a ba ruwa. Binciken da aka yi daga baya a kan layukan itacen turare na Yambawa, kusa da Ɗambatta, ya nuna cewa saiwoyinsu suna shanye damshin geron da ke kusa da su, sai fa idan an datse saiwoyin. Ke nan itacen da ya shiga rahoto a matsayin nasara, a wurin mai gonar da ke gefensa ragin amfani ne.

3.3 Binciken Karkarar Kano

Wani sabon salon awo ya fito daga jami'o'i. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, shi da J. Wilson sun wallafa bincikensu kan yankin Kano mai cunkoson jama'a a 1965. Sun nuna cewa a wannan yanki ana noma gona kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, domin ana ciyar da ita da takin dabbobi da toka da sharar birni. A ƙauyukan Zariya kuma, D. W. Norman ya auna gauraya amfanin gona a shekarun 1960, ya tarar cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, abin da malaman gona suke kallo a matsayin ci baya, yana rage haɗarin asara kuma yana da riba.

Bayan rahoton Brundtland na 1987 ya yaɗa kalmar ci gaba mai ɗorewa, sai tambayar ta koma: yaya za a tabbatar da ɗorewa da alƙaluma? A 1990 wasu masana biyu daga Holan, Stoorvogel da Smaling, suka yi lissafin abincin ƙasa na Afirka kudu da Sahara, wato abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Sakamakonsu ya ce ana asarar kimanin kilo 22 na sinadarin naitirojin a kowace hekta a shekara. Wannan adadi ya yi tasiri ƙwarai a kan masu ba da tallafi, sai dai daga alƙaluman ƙasashe aka gina shi.

Awon da aka yi a cikin gonakin Kano ya ba da wani hoto dabam. Binciken itacen girki da Cline-Cole da abokan aikinsa suka wallafa a 1990, ta hanyar kwatanta hotunan sama na 1972 da 1981 da ƙirga a ƙasa, ya nuna cewa itatuwan cikin gonaki ba su ragu ba duk da fari da bukatar birni. Kwatanta samfurin ƙasa na 1977 da na 1990 shi ma bai nuna babbar lalacewa ba. A farkon shekarun 1990 Frances Harris ta bi gonakin ƙauyen Tumbau ɗaya bayan ɗaya, ta gano zagayen da ke riƙe da su: wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa naitirojin, harawarsu tana ciyar da dabbobi, takin dabbobin yana komawa gona, ƙurar hunturu kuma tana ƙara nata. Lissafin da aka yi daga nesa bai iya ganin wannan zagaye ba.

Sai dai akwai bukatar taka-tsantsan. Polly Hill, a bincikenta na Dorayi da ta wallafa a 1977, ta nuna cewa ƙasa tana iya riƙe ƙarfinta alhali gidaje da yawa suna talaucewa saboda ƙanƙantar gona. Haka kuma Kunci ba ta kusa da birni kamar Dorayi ko Tumbau, don haka sharar birni ba ta isa gare ta da sauƙi, kuma ruwan samanta bai kai na kudancin jihar ba. Manomin Kunci ya fi dogara ga takin dabbobinsa. Wanda fari ko bashi ya sa ya sayar da awakinsa ya sayar da takin baɗi ke nan, kuma matsakaicin lissafi na ƙauye ba zai nuna shi ba.

3.4 Muradun Duniya da Aiwatar da Su

Taron Riyo na 1992 da yarjejeniyar yaƙi da hamada ta 1994 sun ɗora wa ƙasashe nauyin kai rahoto. Muradun Ƙarni na 2000 zuwa 2015 sun fi mayar da hankali ga talauci da lafiya da ilimi. A 2015 aka amince da Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17, da kuma yarjejeniyar Paris kan sauyin yanayi. Muradi na 15 ya nemi a kai matsayin da ƙasar da ake gyarawa za ta cike gurbin wadda ke lalacewa, kuma ana auna wannan da abubuwa uku: abin da ya rufe ƙasa, yawan tsiron da take fitarwa, da sinadarin kabon da ke cikinta.

A Nijeriya, an kafa hukumar Babbar Koriyar Ganuwa da doka a 2015, kuma Kano tana cikin jihohi 11 da aikin ya shafa. A 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi, aka yi alkawarin kawo daidaiton hayaƙi mai ɗumama duniya a 2060, kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, wanda ya sa burin gyara hekta miliyan ɗaya a jihohin arewa 19 da Abuja.

Idan aka ɗora waɗannan ma'aunai a kan wuri irin Kunci, matsaloli suna bayyana. Tauraron ɗan'adam yana ganin kore, amma koren yana bin ruwan sama ne, don haka shekara mai albarka tana iya ɓoye gajiyar ƙasa, kuma hoton ba ya bambance gero mai lafiya da wanda ƙuduji ya kama. Sinadarin kabon a ƙasar jigawa kaɗan ne tun asali, canjinsa kuma sai an daɗe ake gane shi, alhali wa'adin shiri shekaru kaɗan ne. Ƙirga tsiron da aka dasa ya fi sauƙi a kan komawa bayan rani uku a ga wanda ya rayu. Misalin Maraɗi ya isa hujja: daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tohon kututture a gonakinsu suna renonsa, har masana suka ƙiyasta a 2009 cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar. An daɗe ba a lura da wannan ba, domin itatuwa irin su gawo da kalgo da suka tsiro da kansu ba su cikin lissafin dashe.

3.5 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa awon taki ya auna faɗi, zamanin gyaɗa ya auna tan, ayyukan bayan fari sun auna abin da aka raba, muradun 2015 kuma sun dogara ƙwarai ga hoton sama. Binciken da ya fi kusantar gaskiya shi ne wanda ya koma gona ɗaya sau da yawa cikin shekaru masu tsawo. Saboda haka duk shirin da zai yi aiki a Kunci yana bukatar ya haɗa ma'aunin hukuma da na manomi: damin da gona ta bayar, watannin da rumbu ya riƙe gida, dabbobin da suka tsallake bazara, itatuwan da suka rayu, da gonakin da aka jinginar ko aka sayar. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babi na gaba zai duba yadda gado da jingina da dokar mallakar ƙasa ta 1978 suka shafi zuba jari a gona a wannan yanki.