Harshen Beezen: Ƙauye Ɗaya, Harshe Ɗaya

A Yankin Arewa maso Yamma na ƙasar Kamaru, cikin gundumar Furu-Awa da ke sashen Menchum, akwai wani ƙauye mai suna Kpep a gaɓar kogin Katsina Ala. A wannan ƙauye ne ake magana da harshen Beezen, wanda aka ƙiyasta masu jinsa da kimanin mutum 450 a shekarar 2001. Masana sun sanya shi cikin dangin harsunan Jukun, kusa da Akum da Yukuben da Kuteb na jihar Taraba a Nijeriya.

Tarihin siyasa ya sha sauya wa wannan yanki iyayen gida. Da farko yana ƙarƙashin Jamusawa, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila, sannan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta haɗa shi da Jamhuriyar Kamaru. Sai dai iyaka ba ta yanke hulɗa ba. Duwatsu da rashin hanyar mota sun sa mutanen Furu-Awa sun fi fuskantar Takum, kuma Jukunanci ya zama harshen kasuwa da cuɗanya tsakanin ƙabilun yankin.

Abin da wannan cuɗanya ta haifar ya bayyana a makwabta. Lokacin da masanin Faransa Roland Breton ya bincika yankin a shekarun 1980, ya tarar harsunan Bikya da Bishuo da Busuu suna gab da ɓacewa. A 1986, mutum ɗaya kacal ya rage mai jin Bishuo, masu jin Busuu kuwa takwas ne. Ba annoba ce ta kashe waɗannan harsuna ba. Iyaye ne suka koma yi wa 'ya'yansu Jukunanci, har sarƙar gado ta tsinke.

Beezen ya tsira daga wannan ƙaddara saboda masu shi sun zauna a dunƙule wuri guda, suna amfani da shi a gida da gona, suna ajiye Jukunanci da Turancin Buroka don baƙi. Daga baya masana daga Jami'ar Hamburg ta Jamus, ciki har da Roland Kiessling da Viktoria Kempf, sun naɗi labarai da hirarraki, sun kuma yi nazarin nahawunsa.

Duk da haka, haɗarin yana nan. Harshen da ya dogara ga ƙauye ɗaya ba shi da madogara ta biyu, kuma rikicin da ya ɓarke a yankunan masu Turancin Ingilishi na Kamaru tun 2016 ya raba dubban iyalai da gidajensu. Al'umma babba kan watse ta sake haɗuwa da harshenta; ƙarama kuwa takan narke cikin masu masaukinta. Saboda haka ma'aunin lafiyar Beezen ba yawan masu jinsa ba ne, a'a, shi ne ko yaran Kpep za su ci gaba da tashi da shi a bakinsu.