Haƙƙoƙin 'Yan Mazan Jiya da Iyalan Sojojin da Suka Rasu: Abin da Doka Ta Tanada

A kowace shekara, gabanin ranar 15 ga watan Janairu, gwamnatin Jihar Filato, mai mazauni a Rayfield cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, kan ƙaddamar da bajon tunawa da 'yan mazan jiya, kamar yadda ake yi a Abuja da sauran jihohi. Kuɗin da ake tarawa ana nufin su ne don tallafa wa tsofaffin sojoji, da matan waɗanda suka kwanta dama, da marayunsu. Sai dai wannan gudummawa ce ta son rai. Haƙƙin da doka ta wajabta yana wuyan Gwamnatin Tarayya, domin sha'anin soja a hannunta yake.

An zaɓi wannan rana ce saboda a ranar 15 ga Janairun 1970 aka kawo ƙarshen yaƙin basasa, lokacin da Janar Yakubu Gowon, ɗan asalin Filato, ya karɓi miƙa wuyan Biyafara a Legas. A da, ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar sauran ƙasashen renon Ingila.

Tushen haƙƙin yana cikin sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya kare fansho da garatutin ma'aikatan tarayya, ya kuma umarci a sake duba fansho duk bayan shekara 5, ko kuma duk lokacin da aka sake fasalin albashi. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta shigar da sojoji tsarin adashen gata, amma gyaran 2011 ya fitar da su, dokar 2014 kuma ta tabbatar da hakan. Saboda haka daga baitulmali ake biyansu, ta hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja.

Idan soja ya rasu a bakin aiki, magajin da ya rubuta a takardunsa shi ne ke karɓar kuɗin jana'iza, da kuɗin mutuwa, da na inshorar rai. Akwai kuma tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansa. A nan ne iyalai da dama ke gamuwa da cikas: wanda ya rubuta sunan ɗan'uwansa tun yana saurayi, bai sabunta ba bayan ya yi aure, yakan bar matarsa da 'ya'yansa cikin taƙaddama.

Wani lokacin shugaban ƙasa kan ƙara da karramawa ta musamman. A watan Maris na 2024, wajen jana'izar sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta, Shugaba Bola Tinubu ya ba su lambobin girma na ƙasa, ya kuma sanar da ba iyalansu gidaje da tallafin karatu.

Ƙungiyar Tsofaffin Sojojin Najeriya, wadda doka ta kafa, ita ce ke magana da yawunsu, kuma tana da reshe a Filato, jihar da hedikwatar Runduna ta 3 take a Barikin Maxwell Khobe da ke Rukuba. Ƙorafin da suka fi yi shi ne jinkirin biyan haƙƙoƙi, abin da ya sha kai su zanga-zanga a Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja.