Fentin Kamfanonin Waya a Bangayen Agadez

Tarihin waya a Agadez a jikin bango yake, kuma ana shafe shi da burushi. Shi ya sa nake tara abin da ya saura: katunan kiredi da aka kankare, tsoffin laimomin masu sayar da kati, da allunan kwano na bakin shago.

Kafin salula, waya ta gwamnati ce. A 1997 aka raba ofishin gidan waya, aka kafa SONITEL. Mai son gaisawa da ɗan'uwansa a Yamai ko Arlit sai ya shiga telesantar, ya jira layi, ya biya gwargwadon daɗewarsa. Allunan waɗannan shaguna sun fi komai wuyar samu, don mai zanen unguwa ne ya rubuta su da hannu, kowanne da irin kan tarhonsa.

Celtel ta shigo Nijar a 2001 da ja da rawaya. Ta koma Zain a 2008, shekarar da Orange ta fara aiki, sannan Airtel a 2010. Duk sauyin suna, sabon fenti. Ina da wani ƙyauren shago da na saya a kasuwa. Inda zafin rana ya ɓare fentin sama, jan Celtel yana nan a ƙasa, har da rabin harafi.

Laimomin sun fi ba ni tausayi. Iskar hunturu da rana ba sa barin su su tsufa, wadda ta yage kuma rumfar awaki take komawa. SONITEL kanta an haɗe ta da SahelCom a 2016, suka zama Niger Telecom, katunanta na dā yanzu sai a akwatunan dattawa.