Iyakar da Ido Ba Ya Gani: Haɗarin Cerritos

Ranar 31 ga Agusta 1986, wani ƙaramin jirgin Piper ya tashi daga Torrance a jihar Kalifoniya ta Amurka. Yana cikin hawa ya kutsa sararin filin jirgin Los Angeles, inda ba a shiga sai da izinin masu kula da zirga-zirgar jirage. Matuƙin bai nemi izini ba, jirginsa kuma ba shi da na'urar da ke sanar da su nisansa daga ƙasa. A lokacin, hankalin jami'in da ke aiki ya koma kan wani ƙaramin jirgin da shi ma ya kutso.

A saman garin Cerritos, Piper ya yi karo da jirgin fasinja na Aeroméxico. Mutum 82 suka rasu, 15 daga cikinsu a ƙasa.

Bayan haka Amurka ta wajabta wannan na'ura cikin mil 30 daga manyan filayen jirgi, da na'urar gargaɗin karo a jiragen fasinja. Sauran aikin kuwa na matuƙi ne: ya nazarci taswira tun yana ƙasa, ya bar tazara tsakaninsa da iyakar, ya kira jami'i ta rediyo kafin ya isa gare ta.