Ramin ya koma sama, lebura na nan a ciki

Ranar da na fara kallon Alien ina ɗalibi a jami'a, dodon ne kawai ya tsaya mini a rai. Sai da na sake kallonsa bayan na fara aikin rubuta manhaja na lura da maganar da ta taso a wurin cin abinci da mutanen jirgin suka farka daga dogon barci: maganar kuɗin aiki. Parker da Brett, masu kula da inji a can ƙasan jirgi, suna ƙorafin cewa kasonsu bai kai na sauran ba. Jirgin nasu, Nostromo, na dako ne, yana janye da tan miliyan 20 na ɗanyen ma'adini zuwa duniyarmu.

A 1979 Ridley Scott ya fitar da fim ɗin. Kafin nan, yawancin waɗanda fina-finan hasashen kimiyya ke kaiwa sararin samaniya masana ne da sojoji, cikin tufafi fes, kamar yadda aka gani a 2001: A Space Odyssey na 1968. Amma tsadar man fetur ta 1973 ta jefa wa Amurka da Turai tsoron cewa arzikin ƙasa zai iya ƙarewa. Masu fim suka ɗauki tsoron suka ce: in ya ƙare a nan, za a je a haƙo a sama. To wa zai yi haƙar?

Outland na 1981 ya ba da amsa ba kwana-kwana. Sean Connery ya fito a matsayin jami'in tsaro a mahaƙar titaniyom da ke Io, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupita. Ma'aikata na ta haukacewa suna kashe kansu. Da ya bi diddigi, sai ya tarar da hannun manajan kamfani ake shigo da wata ƙwaya mai sa mutum ya yi aiki ba gajiya na 'yan watanni, daga nan ƙwaƙwalwa ta taɓu. Ma'adini na fita da yawa, don haka kowa ya kame bakinsa.

A Total Recall na 1990 mahaƙar ta koma duniyar Mars, inda gwamna Cohaagen ke riƙe da ma'adinin da kuma iskar da mutane ke shaƙa. Unguwar da ta yi masa taurin kai, sai ya sa a rufe mata iska. Wannan tsohon labari ne da aka sa wa sabuwar riga. A garuruwan haƙar kwal na jihar West Virginia a Amurka, farkon ƙarni na 20, kamfani ne mai gidan da lebura ke kwana, shi ne mai kantin, kuma sau da yawa da takardar da ba ta ciwuwa sai a kantinsa yake biyan albashi. Fim ɗin iska kawai ya ƙara a cikin kayan kanti.

A 2009 fina-finai biyu suka fito. Avatar na James Cameron ya juya kyamara zuwa ga masu ƙasar, 'yan ƙabilar Na'vi, waɗanda gidansu ke zaune kan wani ma'adini da ake sayar da kilo ɗaya dala miliyan 20. Shi kuwa Moon na Duncan Jones, mutum ɗaya tal ya nuna, Sam Bell, yana kula da injinan tattara iskar hiliyom-3 a duniyar wata bisa kwantiragin shekara uku. Daf da ƙarewar wa'adinsa ya gano cewa shi kwafi ne. Kamfani ya jera irinsa birjik a ɗakin ajiya. In jikin ɗaya ya lalace, a ƙone shi a tayar da na gaba, shi ma yana ƙirga kwanakin komawa wurin iyalinsa.

Da farko na ɗauki wannan duka a matsayin kuskuren marubuta. Mutanen da suka iya zuwa Jupita, me zai hana su tura mutum-mutumi ya yi haƙar? Moon ne ya warware mini: lissafin kuɗi ne. Buga sabon Sam ya fi arha a kan horar da wani da kai shi da dawo da shi. Haka lissafin yake a yau. A yankin Pilbara na Ostireliya, inda albashi ke da tsada, kamfanin Rio Tinto na amfani da manyan motocin dakon tama marasa direba tun 2008, ana lura da su daga birnin Perth, nisan kusan kilomita 1,500. A kudancin Kongo kuwa, ƙasar da ke fitar da kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya, sinadarin da ke cikin batirin wayoyinmu, har yanzu akwai masu shiga rami da diga da tocila. Inji na zuwa ne inda mutum ya yi tsada.

Ita haƙar sama har yanzu da sauranta. Kamfanin Planetary Resources, wanda Cameron kansa ya kasance cikin masu ba shi shawara, ya bayyana a 2012, aka sayar da shi a 2018 bai haƙo ko tsakuwa ba. Kumbon OSIRIS-REx na hukumar NASA ya dawo a 2023 da giram 121.6 kacal daga dutsen Bennu. Amma doka ta riga diga isa wurin: tun 2015 Amurka ta halatta wa 'yan ƙasarta mallakar abin da suka haƙo a sama, Lukzambur ta bi sahu a 2017.

Abin da ya fi taɓa ni a matsayina na mai rubuta manhaja shi ne kwamfutocin. Ta jirgin Nostromo, wadda suke kira Uwa, tana ɗauke da umarnin sirri na kamfani: a kawo dodon ko da mutanen jirgin za su mutu, kuma ta bi. Ta Moon, GERTY, an ɗora mata aikin kula da Sam, kuma da ranar ta zo, ta faɗa masa gaskiya ta taimake shi ya tsere. Dukansu wani ne ya zauna ya rubuta su, irina, a kan albashi. Shi ya sa yanzu duk manhajar auna aikin ma'aikata da aka kawo mini, nakan fara da neman layin da ke faɗin abin da za a yi in mutum ya gaji.